Koren Maɓallin da Ya Faɗa Bayan Layin Agogo

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma shugaban wannan taro, wanda kuma shi ne babban likitan asibitinmu, shugabana a wurin aiki. Mai girma shugaban wannan makaranta ta koyon rubuta manhajar kwamfuta, tare da malamansa maza da mata. Manyan baƙi da suka ajiye harkokinsu suka amsa gayyata. Iyaye mata da na ga sun cika layin gaba tun kafin a gama jera kujeru. Iyaye maza da suka tattara can baya kusa da ƙofa, wai don su sha iska. Abokan aikina na ɗakin haihuwa. Sai kuma ku 'ya'yana, ɗaliban da suka kammala karatu yau: ina gaishe ku baki ɗaya, babba da yaro, na zaune da na tsaye.

Ina godiya ga Allah da Ya nuna mana wannan rana lafiya. Ina godiya ga makaranta da ta ba ni wannan wuri in tsaya, ko da yake ranar da aka aiko a ce ni zan yi jawabi, sai da na ce wa ɗan aiken ya koma ya sake tambaya, ƙila gidan ne ya ɓace masa. Ni ungozoma ce. Aikina karɓar haihuwa, shi na sani, shi na tsufa a kai. Da aka nace, sai na duba fuskokin ɗaliban nan, na ga akwai da yawa a cikinsu da ni na fara ganinsu a duniya kafin iyayensu mata su gan su, ni na ji kukansu na farko, ni na goge su na naɗe. Na ce to, wanda na riƙe shi yana tsala ihu ba ko wando, ba zai gagare ni yi masa magana ba yau don ya sa rigar kammala karatu.

Kafin in shiga abin da ya kawo ni, bari in taɓa maganar da na san tana yawo a bakin mutane, cewa Gwaggo za ta ajiye aiki ƙarshen watan nan. Gaskiya ne na faɗa wa likita haka da bakina. Ya tambaye ni dalili, na ƙi faɗa masa. Yau zan faɗa, a gabansa kuma a gabanku, domin dalilin nan da aikin yaran nan a haɗe suke, ba a ba da labarin ɗaya a bar ɗayan.

Jama'a, ɗaliban nan sun yi wa asibitinmu kyauta. Sun zauna sun rubuta mana manhaja ta shigar da bayanan haihuwa: sunan uwa, lokacin da jariri ya faɗo, nauyinsa, yadda ya yi kuka, yadda uwar ta kasance. Suka kira mu nan makarantar suka koya mana, a kan kwamfutocinsu masu manyan alluna, kowane allo ya kusa kai faɗin tagar ɗakina. Aka nuna mana cewa idan mutum ya gama cike komai, akwai wani koren maɓalli a ƙasa, gefen dama, an rubuta Adana a jikinsa, shi ake dannawa bayanin ya shiga. Na cike, na danna, ya shiga, yaran nan suka tafa min kamar na ci gasa. Na koma gida ina yi wa maigidana alfahari cewa ni ma yanzu 'yar zamani ce.

Akwai abin da yaran nan ba su sani ba, likita ma bai sani ba. 'Yan watanni kafin wannan, likitan ido ya gaya min ina da ciwon nan da ke cin gani a hankali. Ya ce shi wannan ciwo ba ta tsakiya yake farowa ba, ta gefe yake shigowa, ya ɗauke nan ya bar can, mutum yana yawonsa bai sani ba. Ya ba ni maganin ɗigawa, ya ce in kula, in na ga wani abu ya fara ɓace min a gefen gani in dawo. Ban gaya wa kowa ba sai maigidana.

Kwamfutar da ke kan teburina a ɗakin haihuwa ƙarama ce, tana tsakanin sikelin awon jarirai da wurin wanke hannu. Wata abokiyar aikina ta taɓa ganina ina matse ido a kanta, ta shiga ta ƙara min girman rubutun allon, don tausayi, Allah Ya saka mata da alheri. Ranar da aka saka mana sabuwar manhajar, muka karɓi haihuwa da hantsi, na zauna na cike komai tsaf, na gangaro ƙasa zan danna koren maɓalli, babu shi. Na cire tabarau na goge da gefen mayafi na mayar, babu shi. Na ɗaga murya na tambayi abokiyar aikina da ke wanke hannu ta ba ni baya: "Wai ina koren nan yake ne?" Ko waiwayowa ba ta yi ba ta ce, "Yana nan ƙasa, Gwaggo, gefen dama. Ai ba ya ɓuya." Na ce mata to. Na sake duba ƙasa gefen dama, ban ga komai ba sai layin nan na ƙasan allo inda agogo yake. Nan take na ce a raina, abin da likitan ido ya faɗa ya iso.

Za ku ce me ya hana in kira ta ta zo ta nuna min da yatsa. Abin da ya hana ni shi ne tsoron ta ɗora yatsa a kansa ta ce ga shi, ni kuma in kasa gani, shi ke nan asiri ya tonu. Sai na koma rubutawa a takarda ina miƙa wa ƙananan ma'aikata su shigar min a ofishin gaba, inda kwamfutocin suke da girma, ina ce musu aiki ne ya yi min yawa. Kullum in zauna in gwada, kullum in tashi da baƙin ciki. Abin da ya fi damuna ba maɓallin ba ne. Tunanin da ya hana ni sukuni shi ne, idon da ya kasa ganin koren abu mai girman babban yatsa, wata rana zai kasa ganin jini a gefen zanen gado, wata rana zai kasa ganin leɓen jariri ya canza launi. Ina son aikin nan kamar raina, amma ba zan riƙe shi da ran 'yar wani ba.

Na je na sami likita a ofishinsa na ce zan ajiye aiki. Ya cire tabarau ya dube ni ya ce, "Gwaggo, wani ne ya ɓata miki rai?" Na ce, "Babu kowa, ranka ya daɗe, gajiya ce kawai." Ya ce, "Ke da gajiya? Ni kam ban yarda ba." Da ya ga ba zan ƙara ba, ya ƙyale ni. Na fito na shiga ɗakin ajiyar magani na rufe ƙofa na yi kukana na share, na koma bakin aiki.

Ana nan sai ga Auta ta zo awon ciki. Auta 'yar maƙwabciyata ce, ɗaliba ce a ajin nan, ita ma ni na karɓi haihuwarta, kuma tun tana ƙarama ba ta ganin abu ta wuce ba ta yi tambaya ba. Na gama duba ta, tana zaune gefen teburina da tsohon cikinta tana gyara ɗankwali, ta ga na cike shafin gaba ɗaya, na tsaya, na jawo takarda. Ta ce, "Gwaggo, me ya sa ba ki adana ba?" Na ce, "Ke dai tashi ki tafi gida ki huta." Ta ce, "Ba inda za ni sai kin gaya min." Ban san lokacin da bakina ya suɓuce ba na ce, "Idon ne, 'yar nan. Ba na ganin koren." Ta matso iya inda cikin ya bar ta, ta duba, ta sake dubawa, sannan ta ce, "Gwaggo, ni ma ban gan shi ba."

Na ce, "Kada ki yi min ƙarya don tausayi. Duba ƙasa, gefen dama." Ta ce, "Wallahi babu shi. Shafin ya fi allonki tsawo, maɓallin ya faɗa bayan layin agogo. Ba idonki ba ne, Gwaggo, aikinmu ne." Jama'a, na karɓi haihuwa da yawa a rayuwata, na ga mata suna kuka suna dariya lokaci guda, amma ban taɓa sanin yadda abin yake a ciki ba sai ranar. Na rungume yarinyar nan har sai da ta ce in yi hankali da cikin.

Washegari ta taso ƙeyar Dogo, ga shi can yana sunkuyar da kai, shi ne ya tsara wannan shafin. Ya shigo sai da ya rage tsawo a bakin ƙofa, ya duba allona, abin da ya fara fita daga bakinsa shi ne, "Ai Gwaggo a tawa kwamfutar yana fitowa." Na ce, "To madalla, sai ka ɗauko taka ka kawo ɗakin haihuwa, kai ma ka tare a nan." Kunya ta kama shi, amma yau ina yaba masa a gaban mahaifiyarsa da ke zaune a nan, bai ƙara musu ba. Ya jawo 'yar kujerar da muke zama a kai in za mu wanke jariri, ya zauna gwiwoyinsa sun kusa taɓa kunnuwansa, ya fara aiki. Na ce musu sharaɗina ɗaya ne, duk abin da suka gyara sai sun fahimtar da ni, domin abin da ya kusa raba ni da aikina ina so in san kamanninsa. Abin da suka koya min a zaman nan shi ne zan mayar muku yau, ku tafi da shi daga bakin wadda abin ya taɓa.

Na farko, ku tambayi kwamfuta, kada ku yi mata zato. Dogo ya gaya min cewa lokacin da yake rubuta manhajar, faɗin shafin da tsawonsa lamba ya rubuta musu da hannunsa, lambar da ta dace da allon da ke gabansa. Bai yi don mugunta ba, idonsa ne ya saba da babban allo har ya ɗauka duniya duka haka take. Alhali kuwa kowace kwamfuta ta san faɗin allonta da tsawonsa, kuma akwai umarnin da za ka rubuta manhajarka ta tambaye ta tana buɗewa, ta ba ta amsa nan take. Ni ban taɓa rubuta nauyin jariri don na kalle shi na ƙiyasta ba, duk daɗewata a aikin, sai na ɗora shi a sikeli. Ku ma ku auna, 'ya'yana, ku auna kafin ku shimfiɗa shafi.

Na biyu, allo gaba ɗayansa ba naku ba ne. Wannan shi ne ya fi ba ni mamaki. Ashe tambaya biyu ce daban: girman allon duka, da girman filin da ya rage wa manhaja bayan an cire layin agogo da abokan zamansa. Dogo ya gyara na farko, ya sa manhajar ta tambayi girman allo duka, muka buɗe, sai ga saman koren maɓallin ya leƙo kaɗan, sauran jikinsa har yanzu a ɓoye. Auta ta ce masa, "Ka tambaye ta girman ɗaki, ba ka tambaye ta inda aka ajiye gado ba." Ya koma ya tambayi filin da ya rage, sai ga maɓalli ya fito cikakke. Ta kuma hana shi ya cire tsawon layin da lamba daga kansa, domin ta ce wani yana mayar da layinsa sama, wani gefe, wani ya ƙara masa kauri, wani ma ya sa ya riƙa ɓuya. Kwamfutar ta san inda mai ita ya ajiye shi, ita za a tambaya inda filin ya fara da inda ya ƙare.

Na uku, kuma a nan nake roƙonku da babbar murya, ku tuna da masu ƙara girman rubutu. Idan mutum ya ƙara girman rubutun allonsa, komai yana kumbura tare, shafi ya kumbura, maɓalli ya kumbura, filin da ke akwai ya zama bai ɗauki abin da yake ɗauka da ba. Kwamfuta ta san nawa aka ƙara, kuma za ta faɗa in an tambaye ta. To su wane ne masu ƙara girman rubutu? Su ne irina. Su ne iyayenku da ke zaune a layin gaba suna riƙe waya nesa da fuska, su ne malaman da suka tsufa a kan allo, su ne duk wanda idonsa ya fara gajiya amma hannunsa da hankalinsa suna nan daram. Kuma su ne mutanen da in abu ya ɓace musu ba za su ce manhaja ce ta gaza ba, za su ce su ne suka gaza. Ba za su kira ku a waya su yi faɗa ba, ba za su kai ƙara ba, za su yi shiru ne su ja jiki gefe, ku kuna can kuna cewa ba wanda ya taɓa kawo kuka a kan aikinku.

Na ƙarshe gajere ne. Tambaya ɗaya ba ta isa ba, domin mutum yana iya jona wa kwamfuta wani allon tana cikin aiki, ko ya sauya girman rubutu da rana tsaka, don haka manhaja ta riƙa sauraro, in abu ya sauya ta sake aunawa. Idan kuma fili ya yi kaɗan ko ta yaya, to a bar sauran shafin ya riƙa gangarawa, amma maɓallin da mutum zai danna ya gama aikinsa ya tsaya a inda ido zai same shi. Haka suka yi mana, kuma kafin su tafi sai da suka zaga duk kwamfutocin asibitin, manya da ƙanana, suka gwada ɗaya bayan ɗaya.

Duk da haka ban koma wurin likita na janye maganata ba, domin maɓalli ya fito ba ya nufin ido lafiya yake. Na koma wurin likitan ido na ba shi labari tun daga farko. Ya yi dariya har ya riƙe ciki, sannan ya zaunar da ni a gaban na'urarsa ya auna ganina ta kowane gefe. Ya ce ciwon yana nan, ba zai yi min ƙarya ba, amma maganin ya riƙe shi a inda yake, gefen ganina bai ragu ba, kuma in na ci gaba da ɗigawa da zuwa awo, babu abin da zai hana ni aikina a yanzu. Ya yi min alkawarin ranar da ya ga sauyi shi zai fara gaya min, ni kuma na yi alkawarin ranar zan ajiye almakashi ba gardama.

Na ga wasunku suna waige-waige suna neman Auta a cikin ɗaliban. Ba ta nan. Jiya da safe naƙuda ta kama ta, mijinta ya kawo ta, tana shigowa ta riƙe hannuna ta ce, "Gwaggo, ke nake so, kada ki ba wa kowa ni." Na ce, "Ina nan, 'yar nan, ba inda za ni." Kafin azahar Allah Ya sauke ta lafiya, ta sami 'ya mace, mai ƙarfin murya irin na uwarta. Na goge ta, na auna ta, na duba leɓenta da tafin ƙafarta da idon nan nawa, na ɗora ta a ƙirjin uwarta. Sannan na wanke hannu na zauna a gaban 'yar kwamfutata, rubutuna manya-manya yadda nake so, na cike shafin har ƙasa. Auta tana kwance ko magana ba ta iya yi sosai, amma sai da ta ɗago kai ta ce, "Gwaggo, kin gan shi?" Na ce, "Na gan shi." Na danna da hannuna, sunan 'yarta ya shiga.

Saboda haka, ranka ya daɗe shugaban taro, na san ka fara cigiyar wadda za ta maye gurbina a ɓoye, don labari ya zo min. Ka yi haƙuri ka dakatar da cigiyar. Maganar da na faɗa maka a ofis na janye ta a gaban waɗannan shaidu, ranar Litinin ina bakin aiki, kuma in Allah Ya yarda sai na karɓi haihuwar 'ya'yan Dogo ma, in ya daure ya yi aure.

Ya Allah Ka albarkaci waɗannan yara, Ka albarkaci hannuwansu da abin da za su rubuta da su, Ka sa aikinsu ya zama sauƙi ga mai rauni kafin mai ƙarfi. Allah Ka saka wa malamansu da alheri, Ka sanyaya idon iyayensu, Ka ba Auta lafiya Ka raya abin da ta haifa. Allah Ka kare mana ganinmu da jinmu har ƙarshen kwanakinmu, Ka mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.